Darasin Kimiyya: Yaɓen Wayar Hannu

Duk wanda ya taso a cikin birni, ko a Yakasai ne, ko Mandawari, ko gindin Dala, ya san gidan ƙasa ba a gama gina shi. Da bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai maigida ya zagaya gidansa yana duba inda katanga ta tsage, inda indararo ya karkace, da soron da ya yi yoyo bara. A kira magina, a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, mai hali ya bi da makuba. Gidan da ake yi wa haka yana ganin jikoki da tattaɓa-kunne. Wanda aka yi wa sakaci damina uku ko huɗu kuwa, ku je ku dubi ganuwa a wuraren da aka daina kula da ita. Katangar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, a wasu wuraren yau ta koma tudun da yara ke sulu a kai.

Ku riƙe wannan hoton a zuciya, domin darasinmu na yau a kan wayar hannu ne, ita ma kuma da yaɓe take rayuwa. Yaɓenta shi ne saƙon nan da ke fitowa a fuskar waya yana neman a sabunta ta, wanda 'yan kasuwar waya ke kira afdet, yawancinmu kuma mukan ture shi gefe don tsoron ƙarewar data. Za mu ga abin da ake sabuntawa, da dalilin da ya sa ya zama dole, da yadda gasar kamfanoni ta kai mu ga cewa wata wayar ana yi mata yaɓe shekara bakwai, wata kuwa tun ba ta rufa shekara biyu ba an manta da ita.

Ƙarfe da manhaja

Waya kashi biyu ce. Akwai abin da hannu ke taɓawa: gilashi, batir, kyamara, lasifika, da wani ɗan guntun silikon da bai wuce girman farce ba, wanda ake kira firosesa. Shi ne ƙwaƙwalwar waya. In kun ji an ce gudunsa gigahaz 2 ne, ana nufin agogon cikinsa yana bugawa sau biliyan biyu a daƙiƙa guda. Amma duk wannan gudun, ba ya iya komai sai an gaya masa. Jerin umarnin da ake ba shi, wanda mutane suka zauna suka rubuta layi bayan layi, shi ne manhaja.

Manhajoji iri biyu ne. Ƙananan su ne waɗanda kuka sani da suna: WhatsApp, Facebook, manhajar banki, ta Alƙur'ani, ta wasa. Ƙarƙashinsu duka akwai guda ɗaya da ba a cika ganinta ba, wato babbar manhaja. A mafi yawan wayoyin da ke hannun mutanen Kano sunanta Android, mallakar Google. A iPhone sunanta iOS, mallakar Apple.

Don ku gane aikinta, ku tuna Kasuwar Kurmi da sarkin kasuwa. 'Yan kasuwa ɗaruruwa ne, fili ɗaya ne, kowa yana son gaba. In babu mai tsarawa, rikici ne. Babbar manhaja aiki huɗu take yi irin na sarkin kasuwa.

Na farko, rabon lokaci. Kana jin karatu, kana rubuta saƙo, hoto yana sauka, sai ka zaci duka a lokaci guda suke tafiya. Abin da ke faruwa shi ne babbar manhaja tana ba kowane aiki ɗan lokaci kaɗan, 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa, ta karɓe ta ba na gaba, da saurin da ido da kunne ba sa iya kamawa.

Na biyu, rabon wuri. Kowace manhaja ana yanka mata rumfarta a cikin ma'adanar waya, ba ta da ikon leƙa rumfar maƙwabciyarta. Wannan ne ya hana manhajar wasa karanta abin da ke cikin manhajar bankinka.

Na uku, tafinta. Kyamara da yarenta, gilashi da yarensa, na'urar kama sabis da nata. Kowane ɓangare yana da 'yar manhajar da ke fassara tsakaninsa da babbar manhaja. Ku sa alama a kan wannan na uku, za mu dawo masa, domin a nan matsalar wayoyinmu take.

Na huɗu, tsaron ƙofa. Kamar yadda kowace ƙofar birni take da sarkin ƙofa, haka babbar manhaja take tare duk manhajar da ke son shiga wurin hotunanka, ko lambobinka, ko makirfon, ta ce sai ka ba da izini.

A can ƙasan Android akwai ƙwaya da ake kira Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. A samanta kuma kowane kamfani yana ɗinka tasa rigar. Tecno tana da HiOS, Infinix tana da XOS, Samsung tana da One UI. Na sha jin yara suna gardama cewa wannan daban, wancan daban. Riguna ne daban-daban, amma mutumin da ke ciki ɗaya ne.

Yadda bango ke tsagewa

Android layukan umarni ne miliyoyi, waɗanda dubban mutane suka rubuta cikin shekaru masu yawa. Ba a taɓa yin rubutu mai wannan yawan babu kuskure ba. Yawancin kurakuran ba su wuce su sa manhaja ta rufe kanta ba. Amma akwai masu haɗari, kuma ina so ku fahimci iri ɗaya daga ciki sosai, don in kun gane shi kun gane dalilin darasin gaba ɗaya.

A ce mai rubuta manhaja ya tanadi mudu guda don zuba sunan hoto, ya ɗauka suna ba zai wuce harafi ɗari ba, ya manta bai sa mai awo a bakin mudun ba. Kusa da mudun kuma akwai wani kwano, wanda a cikinsa waya ke duba umarnin da za ta bi na gaba. Sai mai kutse ya aiko da hoto mai suna harafi dubu. Ɗari suka cika mudu, sauran suka malala cikin kwanon. Waɗanda suka malala ɗin kuwa ba shirme ba ne, umarni ne da ya tsara da gangan. Waya ta zo kwano, ta ɗauki abin da ta tarar, ta bi. Daga nan ta koma yi wa wani aiki alhali tana hannunka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan ita ce tsagar.

Ba tatsuniya ba ce. A watan Yuli na 2015 wani mai binciken tsaro, Joshua Drake, ya bayyana irin wannan ɓaraka a ɓangaren Android da ke buɗe bidiyo, mai suna Stagefright. An kiyasta wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. A wasu daga cikinsu ya isa a turo maka saƙon bidiyo ta lambarka, ko ba ka buɗe ba. Wannan girgizar ce ta sa daga watan Agusta na shekarar Google ta fara fitar da facin tsaro wata-wata. A watan Mayu na 2019 kuma aka gano wata ɓaraka a kiran WhatsApp, wadda aka bi ta cikinta aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, ana harin mutane kusan 1,400, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Akwai ɓarakar iPhone da ita ma aka yi amfani da ita wajen dasa Pegasus ɗin, don haka kada mai tsadar waya ya ɗauka shi ya tsira.

Ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Ranar da aka fitar da faci, ranar ce aka nuna wa duniya inda tsagar take. Masu kutse sukan ɗauki sabuwar manhaja su gwada ta da tsohuwa, su ga layin da aka gyara, su gane abin da ya lalace. Saboda haka wayar da ba ta karɓi faci ba ta fi zama cikin haɗari bayan fitowarsa fiye da kafin nan. Kuma yau waya ba ta kira kaɗai ba ce. Kuɗin ɗan kasuwar Kurmi a cikinta yake shiga yake fita, mai POS da ita yake aiki, lambar sirrin da banki ke turowa a cikinta take sauka.

Sabuntawa iri uku ce, ku rubuta. Akwai ta ƙananan manhajoji, wadda ke zuwa ta Play Store ko App Store. Akwai facin tsaro, wanda ba ya canza kamannin komai, shi ne yaɓen. Sannan akwai ɗaga babbar manhaja zuwa sabon zubi, kamar daga Android 13 zuwa 14, wannan kamar a sake fasalin gida ne a ƙara ɗakuna. Mutane sun fi ɗokin na uku saboda ana ganinsa. A wurina na biyu ya fi shi muhimmanci.

Hatimi, da ɗaki biyu

Wata ɗaliba ta taɓa tambayata, ta ce, “Malam, to in wani ya turo abu ya ce sabuntawa ce, yaya waya za ta gane ƙarya yake?” Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma hatimi.

Kamfani yana da makulli biyu na lissafi, 'yan tagwaye. Ɗaya yana ɓoye a wurinsa, da shi yake buga hatimi a kan kowace sabuntawa. Ɗayan an dasa shi a cikin waya tun daga masana'anta, ba ya iya buga hatimi, iyakarsa ya tantance. Hatimin kuma daga jikin saƙon ake lissafo shi, ta yadda in aka canza ko harafi ɗaya a hanya, lissafin ba zai daidaita ba, waya ta ƙi karɓa. Wannan kariyar tana aiki ne in ka bi ta ƙofa. In ka karɓi manhaja ta Xender daga hannun aboki, ko ka taɓa wani shuɗin rubutu da aka watsa a zauren WhatsApp ana cewa sabon zubi ne, ko ka sa GB WhatsApp don ka ga saƙon da aka goge, to kai da kanka ka buɗe wa baƙon da ba ka san wanda ya aiko shi ba.

Sai maganar abin da ke faruwa lokacin da ake sakawa. A tsofaffin wayoyi ana rushe tsohuwar manhaja ne ana ɗora sabuwa a gurbinta, in aiki ya tsaya a tsakiya an yi biyu babu. Na ga wannan da idona. Gwaggona da ke Ƙofar Wambai ta miƙo mini wayarta wata rana bayan la'asar, ta ce, “Ɗan nan, duba mini abin da yake ta fitowa ɗin nan.” Na duba, batir ya nuna rabi, na danna. Ashe batirin ya tsufa, abin da yake nunawa ba shi ne a cikinsa ba, wuta kuma an ɗauke tun safe. Layin da ke tafiya a fuskar wayar ya kai wajen tsakiya, sai ta yi ɗif. Da aka samu caji aka kunna, sunan kamfani kawai take nunawa, ta mutu, ta sake nunawa. Washegari na kai ta Farm Centre. Mai gyara ya jona ta da kwamfuta ya yi mata filashin, ta tashi garau, amma fayau, babu komai a ciki. Hotunan aikin Hajjinta sun tafi, da muryar marigayi mijinta da take kunnawa in ta yi kewarsa. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi haka Allah ya so. Har yau ba na sabunta wayar kowa sai tana jikin caji, kuma sai an kwashe abin da ke cikinta zuwa wani wuri.

Tun daga Android 7, a 2016, aka fito da dabarar ɗaki biyu. Wayar da ke da wannan tsarin tana ci gaba da aiki daga ɗaki na farko yayin da ake shirya sabuwar manhaja a na biyu. In an gama sai ta kunnu daga na biyun, in kuma ta tarar da matsala ta koma na farko. Ba kowace waya ce take da shi ba, musamman tsofaffi.

Gasar da ta bar biyu

Layin GSM ya fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, da Econet da MTN. Iyayenku za su ba ku labarin Nokia 3310, da 1100 mai tocila. Da manyan wayoyi suka fara shigowa, babbar manhajar da ke kan gaba nesa ba kusa ba ita ce Symbian, wadda Nokia ta dogara da ita. Sai BlackBerry ta ƙasar Kanada ta zo, wajen 2010 zuwa 2013 samari da 'yan mata a garin nan ba lambar waya suke tambaya ba, lambar BBM, manhajar hira ta BlackBerry, suke tambaya.

Alhali tun kafin nan an riga an shuka abin da zai kayar da su duka. A watan Janairu na 2007 Steve Jobs na Apple ya nuna iPhone ta farko, a watan Yuli na 2008 Apple ta buɗe App Store. Google kuma tun 2005 ta sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Android, wanda Andy Rubin da abokansa suka kafa a 2003, wayar farko mai ɗauke da manhajarsa, HTC Dream, ta fito a 2008. Hanyoyinsu biyu sun saɓa. Apple ta ce ita za ta tsara wayar, ita za ta rubuta manhajar, ba ta ba kowa. Google ta ce duk mai son ƙera waya ya zo ya ɗauki Android kyauta, ita za ta ci riba daga talla da kasuwar manhajoji.

Nokia ta ga ƙasa tana zamewa. A watan Fabrairu na 2011, ƙarƙashin shugabanta Stephen Elop, ta sanar da barin Symbian ta rungumi Windows Phone ta Microsoft, aka yi wayoyin Lumia. A 2014 Microsoft ta saye sashen wayoyin Nokia ɗungurungum. Wanda ya riƙe Lumia zai gaya muku waya ce mai kyau, mai santsin aiki, mai kyamara. Duk da haka ta faɗi. Me ya kayar da ita?

Ku koma Kurmi. Mai saye yana zuwa inda masu sayarwa suka taru, mai sayarwa yana kasa kaya inda masu saye suke. In aka gina sabuwar kasuwa mai rumfunan siminti a bayan gari, ba kowa a ciki, mai saye zai leƙa ya ga babu kaya ya juya, ɗan kasuwa ya ga babu mutane ya ƙi tarewa. Haka manhajoji suke. Mai rubuta manhajar banki ko ta wasa ba zai rubuta sau biyar ba, zai zaɓi wurin da jama'a suke. Jama'a kuma suna sayen wayar da manhajojin suke. Wanda ya riga ya tara mutane sai ƙaruwa yake yi, wanda ya makara sai raguwa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Mu a nan, ranar mutuwar kowace babbar manhaja ita ce ranar da WhatsApp ta janye daga kanta. Ta bar Symbian a tsakiyar 2017, ta bar BlackBerry a ƙarshen shekarar, ta bar Windows Phone a ƙarshen 2019. BBM na gama-gari an rufe shi a watan Mayu na 2019, a watan Janairu na 2022 kuma BlackBerry ta kashe hidimar tsofaffin wayoyinta. Wayoyin da yawansu lafiyarsu ƙalau, gilashi bai fashe ba, batir yana riƙe caji. Manhajar ce aka daina kulawa, sai suka koma na aljihun tebur. Yau kusan bakwai cikin kowace babbar waya goma a duniya Android ce, kusan duk sauran kuma iPhone.

Abin da ya cika kasuwanninmu da Android shi ne araha. Kamfanin Transsion mai hedikwata a Shenzhen ta ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya karanci bukatarmu da kyau: layi biyu a waya ɗaya saboda sabis da tsadar kira daga wani layi zuwa wani, batir mai daɗewa saboda wuta, kyamarar da ke fito da baƙar fata. Da a ce sai ya rubuta tasa babbar manhajar ya kuma roƙi duniya ta rubuta mata manhajoji, da bai iso hannun mai shayi da ɗan adaidaita sahu ba. Android ce ta ba shi wannan damar, a 2017 kuma Google ta ƙara da Android Go, sassauƙan zubi don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi.

Sai dai kyautar tana da igiya. Ƙashin Android kyauta ne, amma Play Store da YouTube da taswirar Google sai da yarjejeniya. A watan Yuli na 2018 Tarayyar Turai ta ci tarar Google Yuro biliyan 4.34 kan sharuɗɗan da take gindaya wa masu ƙera waya. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, sababbin wayoyinta suka rasa manhajojin Google, dole ta koma gina tata mai suna HarmonyOS. Wannan ya kamata ya sa mu tunani. Kasuwancinmu, karatunmu da zumuncinmu duk sun hau kan manhajoji biyu, makullansu duka suna jiha ɗaya ta Amurka, wato Kalifoniya.

Wa zai yi yaɓen, kuma har yaushe?

Yanzu mu dawo kan tafintan da na ce ku sa wa alama. In Apple ta gyara kuskure, daga hannunta sai wayarka, domin ita ta tsara firosesa, ita ta rubuta manhaja, samfuran wayoyinta kuma 'yan kaɗan ne. Shi ya sa iPhone 6s da ta fito a 2015 da iOS 9 ta ci gaba da samun sabon zubi har iOS 15 a 2021.

A Android faci sai ya bi hannu uku. Google ta gyara. Mai ƙera firosesa, ko MediaTek ta Taiwan, ko Qualcomm ta Amurka, ko Unisoc ta Sin, ya daidaita tafintocinsa da gyaran. Sannan mai ƙera waya ya ɗinka rigarsa a kai, ya gwada a kan kowane samfuri, ya tura. Kowane mataki injiniyoyi ne da albashi. Kamfanin da ke fitar da samfura da dama a shekara, ribarsa a kan kowace waya kuma 'yar kaɗan ce, ba abin da zai samu in ya gyara wayar da ya riga ya sayar. Ribarsa tana ga ka sayi sabuwa. In mai firosesa ma ya daina kula da wani tsohon guntu, to ko mai wayar yana so hanya ta toshe.

Google ta yi ƙoƙarin gajarta hanyar. A 2017, da Android 8, ta raba ɓangaren tafintoci da sauran manhajar don a iya taɓa ɗaya ba tare da ɗayan ba. A 2019, da Android 10, ta fara tura gyaran wasu sassa kai tsaye ta Play Store. Sannan tsawon kulawa ya zama abin gasa shi ma. A watan Oktoba na 2023 Google ta yi wa wayarta Pixel 8 alkawarin shekara bakwai, a watan Janairu na 2024 Samsung ta yi wa Galaxy S24 irinsa. Tarayyar Turai kuma ta mayar da abin doka: daga 20 ga Yuni, 2025, sabuwar wayar da za a shigar kasuwarta sai an ba ta sabuntawa aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin.

Wannan wurin ne yake ci mini rai. Wayoyin shekara bakwai su ne masu tsadar da mutum ɗaya cikin masu yawa ke iya saye a unguwanninmu. Talaka da ya yi adashi wata shida ya sayi waya, shi ne ya fi bukatar ta daɗe, tasa ce kuma ake fara mantawa da ita. Mai sayen ta hannu, wadda aka gama yayi da ita a Ingila ko Dubai, sau da yawa ya sayi wadda kwanakin kulawarta sun kusa ƙarewa bai sani ba. A rumfar waya za ka ji ana tambayar kyamara nawa, memori nawa, batir nawa. Ban taɓa jin mai saye ya ce, “Alhaji, shekara nawa za a yi ana turo mata faci?” ba. Abin da mai saye ba ya tambaya, kamfani ba ya gasa a kansa. Turawa da suka tambaya har doka suka samu, ban kuma ga abin da zai hana hukumominmu neman irin wannan ga kasuwa mai girman Nijeriya ba.

Wani zai ce, “Malam, ni fa da na sabunta tawa nauyi ta ƙara.” Ƙorafin yana da tushe. Sabon zubi akan rubuta shi ne da sababbin wayoyi a zuciya, in ya sauka a kan mai ƙaramin ƙarfi sai ta riƙa nishi. Batirin litiyom kuma yana tsufa da yawan caji, zafi yana gaggauta tsufansa, ga shi a watan Afrilu zafin Kano yana kai digiri 40. A watan Disamba na 2017 Apple ta amsa cewa tana rage gudun wasu iPhone masu tsohon batir don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya, a 2020 kuma Faransa ta ci ta tarar Yuro miliyan 25 saboda ba ta sanar da masu wayoyin ba. To amma wannan duk maganar sabon zubi ce. Facin tsaro yawanci ƙarami ne, ba shi ne ke sa nauyi ba, datar dare ma tana isar sa. Akwai kuma amfanin da ya shafe mu kai tsaye: tsofaffin wayoyi da yawa in aka turo musu ƙ ko ɗ ko ɓ akwati suke nunawa, sababbin zubi ne suka sa muke rubuta Hausa da lanƙwasarta.

Aikin gida

Kowa ya nemi izini ya karɓi wayoyi uku a gidansu ko maƙwabta, ta babba, ta matashi, da wadda ta fi tsufa. Ku shiga saitin, alamar nan mai kama da ƙafar inji mai haƙora, ku gangara wurin bayanin waya. A littafinku ku ja layi huɗu: sunan waya, shekarar da aka saye ta da ko sabuwa ce ko ta hannu, lambar zubin Android ko iOS, da kwanan watan facin tsaro na ƙarshe, wanda Android ke nunawa a nan wurin. Ku ƙirga wata nawa ke tsakanin wannan kwanan da yau. Kada ku danna sabuntawa a wayar kowa, dubawa kawai na ce. Ranar Litinin za mu haɗa na ajin gaba ɗaya a allo, mu jera su daga mai araha zuwa mai tsada, mu zana jadawali mu ga inda layin ya nufa. Wanda gidansu ƙaramar waya ce kaɗai, mai madannai, ya rubuto sunanta da shekarunta, ita ma tana da gurbi a allon.